Wace siffar ruwan wuƙa ta fi dacewa da aikin yau da kullum?

Tambaya: Malam, sana'ata sayar da hatsi, ina kuma taɓa noma da ɗan kiwo. Kullum sai na nemi aron wuƙa, ko in farke ɗinkin buhu, ko in datse igiya, ko in buɗe kwali, ko in feƙe turke. Wani lokaci yankan kaza ne, ranar layya kuma nakan sa hannu a fiɗa. Ina so in mallaki tawa guda ɗaya mai kube, ba mai naɗewa ba. Na duba hotuna a intanet na ga siffofi barkatai, wata tsininta ya sunkuya, wata ya ɗaga, wata bakinta mai kusurwa. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a kasuwa. Nemi wadda bayanta ya gangaro a hankali ya tarar da tsini, ruwanta santimita 9 zuwa 10, kaurinta bai wuce milimita 3 ba, kaifinta kuma ta gefe ɗaya. Ita ce za ta yi maka duk abin da ka lissafa, in ban da yankan babbar dabba, wanda zan zo kansa nan gaba. Amma ina so ka san dalili, domin da babu fiɗa a lissafinka, da wata daban zan nuna maka.

Sunayen da masu sayarwa ke jerawa sun fi goma, kuma su ne ke rikita mai saye. Ajiye su gefe tukuna. Abu biyu ake dubawa a jikin ruwan wuƙa. Na farko layin kaifi: miƙaƙƙe ne tun daga gindi har ƙarshe, ko kuwa ya yi ciki, wato ya lanƙwaso sama da ya doshi tsini? Na biyu mazaunin tsinin: yana sama daidai da bayan wuƙar, yana tsakiya, ko yana ƙasa a layi ɗaya da kaifi? Duk hoton da ka gani, ka yi masa waɗannan tambayoyi biyu, za ka san aikin da wuƙar za ta iya da wanda za ta ba ka wahala a kai.

Mu fara da ciki, don a nan yawancin mutane ke yin zaɓen tumun dare. Wannan lanƙwasar ita ke aiki idan ana yanka abu mai laushi ko abin da aka ɗora a kan katako. Tsaya kusa da mahauci yana raba fata da nama, ka kalli hannunsa. Hagunsa na jan fatar, damansa na shafa ta da cikin wuƙar, shara-shara, tsinin yana sama bai taɓa komai ba. Da kaifin miƙaƙƙe ne, da tsinin ne zai riƙa fara isa, kuma kowace isa huda ce a fatar da ake son a sayar wa majema lafiya lau. Haka idan kana yanka albasa ko nama a kan faranti: mai ciki tana ba ka damar ɗaga mariƙi sama, yatsunka ba su bugi farantin ba, kaifin kuma yana zaune a kan abin yankan.

Illar ciki tana fitowa ne a igiya da kwali da roba. Ka naɗe igiyar nailan a kan kaifi ka ja, sai ka ga tana sulɓewa tana bin lanƙwasar har ta fice ta tsini, ba ta gama yankuwa ba, wuƙar kuma ta yi tsalle ta nufi inda ba ka aike ta ba. Raunuka da yawa na cinya da na hannun hagu daga nan suke. Miƙaƙƙen kaifi ba ya haka. Ƙarfin da ka danna a gindi shi ne zai kai har ƙarshe, kuma maimakon abin yankan ya gudu, tsinin da ke ƙasa yana ƙara nutsewa a cikinsa. Shi ya sa wuƙar reza ta Stanley da masu shimfiɗa leda da kafet ke amfani da ita ba ta da ciki ko kaɗan.

To, mai saukakken tsini da na zaɓa maka sulhu ce tsakanin waɗannan biyu. Wajen kashi biyu cikin uku na kaifinta miƙaƙƙe ne, na igiya da feƙe itace, ragowar kuma ciki ne matsakaici. Bayanta ya yi ɗan doro ya gangaro, sai tsinin ya zauna kusa da tsakiyar ruwan, kusan a layi ɗaya da mariƙi. Amfanin wannan biyu ne. Inda hannunka ya nuna, nan tsinin zai je, ba sai ka karkata wuyan hannu ba. Sannan akwai ƙarfe mai kauri a bayan tsinin yana tallafe da shi, don haka ba ya saurin karyewa.

Wanda ya fito da wannan siffa fili a duniyar wuƙaƙen farauta wani maƙerin Amurka ne, Bob Loveless, wanda ya yi aikinsa a Riverside ta jihar Kalifoniya ya rasu a 2010. Wuƙarsa ta farko ma daga sifirin tsohuwar mota ƙirar Packard ya fitar da ita yana ma'aikacin jirgin ruwa, irin ƙarfen da maƙeranmu ke nema a wurin 'yan gwangwan har gobe. Abin da ya sa mafarauta suka rungumi ƙirarsa shi ne buɗe cikin dabba. Ka tuna yadda ake yi ranar layya: an ɗan tsaga fatar ciki, an zura yatsu biyu na hagu an ɗaga ta, an kwantar da wuƙa tsakaninsu kaifinta na kallon sama, ana turawa gaba. A wannan hali bayan wuƙar ne ke goga a kan tumbi. Idan bayan ya gangaro, tsinin yana nesa da tumbin, doron ne ke zamewa a kansa. Idan tsinin a ɗage yake, shi ne zai fara karo da tumbi ko hanji, kuma ka san abin da ke biyo baya: ƙazanta ta malale a kan nama, a koma neman ruwa. In kana son ganin misalinta a hoto, nemi ESEE Izula, ƙarama ce mai ruwa ƙasa da santimita 8, ko kowace wuƙar farauta da aka ce ƙirar Loveless ce.

Ta biyun da za ka fi cin karo da ita ita ce mai yankakken baya. Kamar an sa almakashi an gutsure gaban bayan, ko a miƙe ko a ƙwarɓe, sai tsinin ya fito siriri mai kaifi. Asalin shahararta wuƙar faɗa ce. Sunan Jim Bowie ya manne mata tun bayan faɗan da ya yi a wani tsibirin yashi na kogin Misisifi a 1827, kuma Ka-Bar ɗin da sojojin kundumbalar ruwa na Amurka suka karɓa a 1942, mai ruwa inci 7, wannan siffar gare ta. Buck 119 ma haka. Tana da kyan gani, tana huda cikin sauƙi, tana shiga lungu, tana cire ƙaya ko sartse. Amma cikin wuƙaƙen da ake kawo mini gyara, masu karyayyen baki galibinsu irinta ne. Mutum ya ɗan ɓamɓari murfin gwangwani, ko ya mai da ita sukundireba sau ɗaya, sai ka ji ƙas. Idan yankan bayan gajere ne kuma miƙaƙƙe, bambancinta da mai saukakken tsini kaɗan ne, ba zan hana ka ba. Idan dogo ne ya ƙwarɓe har tsinin ya koma kamar allura, bar wa mai ita.

Yanzu ga wadda na ce zan ba ka da babu fiɗa. Mai miƙaƙƙen kaifi, wadda bayanta ne ya lanƙwaso ƙasa ya same shi. Iri biyu ce. Ɗaya bayan yana tafiya a miƙe sai dab da ƙarshe ya dunƙule ya faɗo, tsinin ya zama dakusasshe. An yi ta ne don gyaran kofaton tumaki, daga baya ma'aikatan jirgin ruwa da masu aikin ceto suka riƙe ta, saboda tana yanke igiya ko bel ɗin mota a jikin mutum ba tare da ta soke shi ba. Wuƙar girkin Japan da ake kira santoku kusan haka bakinta yake. Ɗayar kuma bayan yana fara gangarowa tun daga wajen gindi, sai tsinin ya fito siriri a ƙasa. Wannan daga maƙeran Sheffield na Ingila ta fito a ƙarni na 19, da sunan wani basarake, Lord Wharncliffe.

Ga mai zama a rumfar hatsi, wannan siffa ba ta da na biyu. Ɗauki farke bakin buhu. Ka ɗora ɗan yatsanka manuni a kan bayan wuƙar kusa da ƙarshe, ka sa tsinin ƙarƙashin zaren ɗinki, ka ɗaga. Zaren ya tsinke, buhun bai san an yi ba, gobe ka sake zuba masa masara. Da mai ciki sai ka ɗaga gwiwar hannu sama kafin tsinin ya iso zaren, kuma kana danna shi yana shigewa cikin buhun. A kwali ma haka: kana iya sarrafa zurfin yankan da yatsa ɗaya, salatif ya tsage, kayan da ke cikin kwalin ba su ji rauni ba. Wasa ta kuma ya fi na kowace sauƙi, domin layi ɗaya ne, ka kwantar a kan dutse ka tura ka jawo, babu juya hannu. Gazawarta ita ce fiɗa da yanka a kan faranti. Sannan tsinin ne ke shan duk wahala, shi ke fara dakushewa, sai ka riƙa kula da shi.

Saboda haka ka auna da kanka. Layya sau ɗaya ce a shekara, buhu kuwa kullum ne. Idan a gidanku akwai wuƙar fiɗa ta daban da ake fito da ita ranar Sallah, ɗauki mai miƙaƙƙen kaifi, ba za ka yi da-na-sani ba. Idan guda ɗayar ce za ta bi ka rumfa da gona da garke, tsaya a kan mai saukakken tsini, amma ka zaɓi wadda cikinta bai yi yawa ba.

Tanto kuwa, wato mai bakin kusurwa da ka ambata, ina ba ka shawara ka bar ta, kuma zan faɗi dalili dalla-dalla domin ita ce ta fi jan hankalin matasa. Sunan na wata gajeriyar wuƙar Japan ce ta zamanin da, amma wannan siffa mai layi biyu da suka haɗu a kusurwa kamfanin Cold Steel na Amurka ne ya yaɗa ta a farkon shekarun 1980, yana tallata ƙarfin tsininta wajen huda abu mai tauri. Gaskiya ne tsinin na da ƙarfi. Amma yaushe rabonka da buƙatar huda ƙofar mota? Ba ta da ciki, don haka ba ta fiɗa. Tsininta a sama yake, don haka ba ta da daidaiton mai miƙaƙƙen kaifi. Kusurwar nan ita ke fara taɓa komai, tana kuma barin zane a duk abin da ka yanka a kai. Wajen wasawa kuma kaifi biyu gare ka, kowane da nasa kwanciyar a kan dutse. Ka kai wa mai wasa wuƙa na kasuwa, ya ɗora a kan dutsensa mai juyawa, kafin ka ƙifta ido ya shafe kusurwar, ka dawo gida da wuƙar da ba tanto ba, ba kuma mai ciki ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sauran ba sai mun daɗe a kansu ba. Mai ɗagaggen tsini, wadda ta gantsare har bakin ya haura bayanta, ta mahauta da masu gyaran kifi ce: ciki ne zalla, tana fiɗa kamar me, amma tana huda kube, kuma ba ta feƙe itace da daɗi. Mai bakin shaho, wadda ta lanƙwashe ciki kamar ƙaramin lauje, tana da kyau a yankan igiya da sassabe reshe, amma ba ta wasuwa a kan shimfiɗaɗɗen dutse, kuma karambit ta Indunusiya da ake tallatawa yanzu an fi saninta da faɗa. Mai kaifi biyu da tsinin mashi, irin wuƙar damtse ta Buzaye, ƙira ce mai asali da tarihi, sai dai ba ta aiki ba ce. Ba inda za ka ɗora babban yatsa ka danna, ba bayan da za ka buga da itace ka tsaga kara, kuma kowane gefe rabin faɗin ruwan kawai ya samu ya sirance, don haka ba ta yanka kamar mai gefe ɗaya. Masu haƙora a rabin kaifi su ma ka ƙyale su. Haƙoran suna zaune ne a gindi, daidai wurin da kake buƙata don feƙe turke da fere rake.

Akwai guda ɗaya da ban so ta wuce ba a ambata ba, mai miƙaƙƙen baya da ciki a ƙarshe. Ita ce siffar puukko ta mutanen Finland, kuma wuƙaƙen garin Mora na Suwidin, inda ake wannan sana'a a masana'anta tun 1891, ba su yi nisa da ita ba. Morakniv Companion ruwanta wajen santimita 10 ne, kaurinta milimita 2 zuwa 2.5, ba ta da tsada, kuma manoma da kafintoci a ƙasashe da dama da ita suke aiki. Da yawan wuƙaƙen da maƙeranmu ke bugawa ma wannan tsarin ne, kuma yana aiki. Idan ka samu irinta mai kyan ƙarfe, kada ka raina ta don ba ta da suna.

Wannan ya kawo ni kan abin da hoto ba ya nunawa, kuma a ganina ya fi siffar gefe muhimmanci, wato kauri. Wuƙa tsaga abu take yi ta wuce ta ciki, don haka duk kaurin da ke bayan kaifi sai abin yankan ya buɗe masa hanya. Mai kaurin milimita 5 ko 6, ko da tana aske gashi, idan ka sa ta a rogo ko albasa fasa su za ta yi. A kwali kuma ta cije a tsakiya. Milimita 2 zuwa 3 ya ishi duk aikin da ka lissafa. Ka kama ruwan da yatsa biyu daga baya ka gangaro a hankali zuwa kusa da kaifi, ka ji ko yana sirancewa tun daga sama ko sai dab da baki ya yi dungu. Wadda ta sirance tun daga sama ita ce mai yanka. Kaifin kansa kuma, digiri 20 a kowane gefe ya wadatar.

Batun yanka. Kaza, ƙaramar wuƙarka za ta yi, muddin ta sha wasa. Rago da sa kuwa a'a. Ƙa'idar da masana yanka ke bi ita ce tsawon ruwan ya kai ninki biyu na faɗin wuyan dabbar, don a gama da ja ɗaya ko biyu ba tare da tsini ya shiga raunin ba. Santimita 10 ba ta kai ba. Hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito ya umarci mai yanka ya kyautata yankan, ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. Goga gajeriyar wuƙa a wuyan rago azabtarwa ce. Tanadi doguwa ta daban don wannan.

Ka kuma yi la'akari da idon jama'a da na hukuma. A Kano da wasu garuruwanmu, faɗan daba da ƙwacen waya sun sa jami'an tsaro ba sa wasa da duk wanda aka samu da wuƙa a jiki. Gajeriya mai gefe ɗaya da ke cikin jakar aiki, a rumfa ko a gona, ana ganinta an san kayan sana'a ce. Mai kaifi biyu, ko baƙar tanto, ko karambit a ƙugu, bayaninta na da wuya ko da niyyarka fara ce tas. Kada ka shiga taro, ko gidan biki, ko filin wasa da ita. Masu zama a Turai su lura: a Birtaniya, dokar 1988 ta hana yawo da wuƙar da ba ta naɗewa a bainar jama'a komai ƙanƙantarta sai da ƙwaƙƙwaran dalili, a Jamus kuma an hana ɗaukar wadda ruwanta ya wuce santimita 12. A jirgin sama, cikin babbar jakar da ake aunawa ake sa ta.

Idan ka je saye, ko a Kurmi ne ko a wurin maƙerin garinku, ɗora kaifin a kan shimfiɗaɗɗen benci ka duba nawa ne ya kwanta, nawa ya ɗaga. Wanda ya kwanta shi ne na igiya da itace, wanda ya ɗaga shi ne na fata da nama. Sannan ka miƙa hannu kamar za ka nuna wani abu da ita, ka ga ko tsinin ya tafi inda idonka yake. Ka tabbata ƙarfen ya ratsa mariƙin har ƙarshe, kuma akwai ɗan tudu ko lotsawa da zai tare yatsa kada ya zame kan kaifi idan hannu ya jiƙe da jini ko gumi.

In kuwa bugawa za a yi maka, kada ka tsaya kwatance da baki. Zana siffar a kan kwali, ka yanke ta, ka riƙe ta a hannu ka gwada motsin farke buhu da na fiɗa, ka rage inda ya yi yawa, sannan ka miƙa wa maƙerin. Sifirin mota ƙarfe ne mai kyau, yana ɗaukar kaifi yana kuma jure wahala, amma yana tsatsa, musamman da damina, sai ka riƙa goge shi kana shafa masa ɗan mai. Ka roƙi maƙerin kada ya bar bakin ya yi tauri fiye da kima bayan ya tsoma shi, domin mai taurin tsiya ɓantarewa yake yi. A wurin baduku kuma ka ce ya sa tsiri ɗaya na fata mai kauri tsakanin ɓangarori biyun kuben, ta gefen da kaifi ke kwanciya, don kada wuƙar ta yanke ɗinkin ta fito. Kuben ya haɗiye har rabin mariƙi, ya kama ta yadda ko ka kifa shi ba za ta faɗo ba. Fatar da aka jeme da bagaruwa takan baƙanta irin wannan ƙarfe idan da danshi, don haka in za ka ajiye ta kwanaki ba aiki, zare ta daga kuben ka naɗe ta a tsumma mai ɗan maiƙo.